Fanka Uku Babu Mafita

Shekara ashirin da bakwai na yi ina koya wa 'ya'yan mutane yadda iska take tafiya. Labarin ƙasa ne darasina, kuma duk cikinsa babu babin da nake ƙauna kamar na iska, domin a nan ne malami yake cika allo da kibiyoyi, ya ja da baya ya dube su kamar shi ya ba su izinin kaɗawa. Na faɗi wannan tun da wuri don mai karatu ya san cewa abin da ya same ni a bazarar shekarata ta ƙarshe a aji ba jahilci ne ya jawo shi ba. Da jahilci ne da an sami sauƙi.

Makarantarmu tana gefen Haɗeja, ta inda gidaje suke ƙarewa gonakin shinkafa su ɗauka. Muna da kwamfuta guda ɗaya ta tebur, mai baƙin akwati, wadda da ita ake buga takardun jarrabawa. Wutar lantarki ta daɗe da manta hanyar makarantar, don haka duk ƙarshen zango malamin lissafi yakan ɗauke ta ya kai gidansa ya yi aikin. A wannan zangon sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Birniwa, saura kwana bakwai a fara jarrabawa.

Shugaban makarantar ya tara mu ranar Litinin. Mutum ne mai ladabi, na girme shi da kusan shekara ashirin, kuma bai taɓa zama ba ina tsaye. Ya ce takarda goma sha takwas ce, duk an rubuta tambayoyin da hannu, ana so a buga su a fitar, shi kuma ranar Lahadi da la'asar zai karɓa ya kai wurin masu hoton takardu a kasuwa, don Litinin da safe yara su zauna. Ya tambaya ko akwai mai wuta a gida.

Na ɗaga hannu. Ina da sola.

"Malam, ba ma so mu ɗora maka nauyi," in ji shi. "Ga zafi, ga shekaru."

Da bai ambaci shekaru ba da watakila na sauke hannun. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, na buga tafireta tun kafin a yaye wasu daga cikin mutanen ɗakin nan. Ita kwamfuta ai tafireta ce da ta yi karatu." Aka yi dariya, na ji daɗi, aka ɗaura mini ita a bayan babur tare da firinta.

Abin da ban faɗa a taron ba shi ne batirin solata ya mutu tun bara. Wutar gidana tana zuwa da hantsi, ta tafi da la'asar. Ke nan lokacin aikina shi ne daidai lokacin da rana take tsakiyar ka, lokacin da ko akuya a Haɗeja ta san ta nemi gindin bango.

Mai ɗakina ce ta tarbe mu. Hajiya nake ce mata, tun shekara goma kafin ta je Makka, don in riƙa tuna wa kaina alkawari. 'Yar masunta ce daga wani ƙauye ta wajen Baturiya, ta tashi a gaban murhun banda tana juya tarwaɗa tare da mahaifiyarta, kuma karatun bokonta ya tsaya a aji huɗu na firamare. Da ta ga baƙin akwatin ta yi masa abin da take yi wa talabijin da duk wani abu mai daraja: ta ɗauko ƙyalle mai ado da ta saƙa da hannunta ta lulluɓe shi har ƙasa.

Ranar Talata na fara da lissafi. Na yi kamar minti arba'in ina fama da alamomin da malamin ya bari, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, babu sallama. Na taɓa akwatin, na ji shi kamar murfin tukunya. Na juya na dubi ƙyallen, na dubi Hajiya.

"Kin sa wa baƙuwa bargo a watan bazara," na ce.

"To cire mata, Malam. Ni mutunci na yi mata."

Na cire. Ta huce, na kunna, ta sake yin minti arba'in ta mutu. Ƙyallen dai ya fita daga zargi, amma ban sanar da shi ba.

Laraba da safe na ɗauko sukudireba na buɗe gefen akwatin. Ban taɓa ganin cikin kwamfuta ba sai ran nan, kuma na yi mamakin yawan fili da ke ciki. Fanka uku na gani. Ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ɗaya kuma a tsakiya a maƙale jikin wata hasumiya ta siraran faifayen ƙarfe da aka jera kamar shafukan littafi. Hasumiyar tana zaune a kan wani ɗan ƙaramin abu mai kusurwa huɗu, wanda ko ni na san shi ne ƙwaƙwalwar, kuma shi ne mai zafin. A tsakanin faifayen kuwa zanzaro ya gina gidansa na laka, ɗaki biyu, gizo-gizo ya yi masa labule, ƙaiƙayin shinkafa na kakar da ta wuce ya cike sauran wurin.

Na sa tsohon buroshin haƙori na rushe ginin, na share, na hure. A nan ya kamata in mayar da murfi in yi wa Allah godiya. Yanzu na san cewa aikin ya ƙare a wannan lokacin, kuma duk abin da ya biyo baya ƙari ne daga wurina.

Na kunna ta murfin a buɗe don in ga fankokin suna juyawa. Na kai hannu gaba, na ji fankar gaba tana jan iska ciki. Madalla. Na kai hannu baya, sai na ji iska tana bugun tafina. Fankar baya waje take hurawa. Bango take yi wa fifita.

Na zauna na yi tunani irin na masu ilimi, wato na fara da amsar sannan na nemo mata dalilai. A garinmu, a watan da ake ciki, wa ya taɓa juya fanka ta kalli bango? In zazzaɓi ya kama mutum aka zo da mafici uku, duka ukun shi ake yi wa, ba a ce ɗaya ta juya ta fifita ƙofa ba. In baƙo ya shigo zaure, fankar da ta ba shi baya an yi rashin tarbiyya. Na yanke hukunci cewa waɗanda suka haɗa wannan akwati mutanen ƙasar sanyi ne, ba su san zafi ba sai a littafi, shi ya sa suke wasa da iska. Har tausayinsu na ji.

Na kwance fankar baya na juya ta, ta koma hurawa ciki. Sannan na dubi hasumiyar na ga tunda yanzu sabuwar iska daga baya za ta riƙa shigowa, ya dace fankarta ta fuskanci can ta tarbe ta. Na kwance noti huɗu na ɗaga ta. A ƙarƙashinta, a kan ƙwaƙwalwar, na tarar da wani abu mai danƙo, launin toka, ya yi dama-dama. Na girgiza kai saboda ƙazantar mutane. Na sa tsumma na goge shi tas, sama da ƙasa, har ƙarfen ya yi ƙyalli ina ganin gemuna a ciki. Na mayar da hasumiyar gaba a baya, na ɗaure. Da na lura akwai 'yan ramuka a saman akwatin da gefensa, na gane ta nan zanzaro ya shiga, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe da salatif.

Don kada aikin ya tafi babu shaida, na zana shi a takarda: akwati, da kibiyoyi daga gabas da yamma duk sun nufi tsakiya. Ya yi kyau ƙwarai. Na nuna wa Hajiya, ta ce Allah ya ƙara basira, ta koma wurin tukunyarta.

Ranar Alhamis kwamfutar ta yi minti bakwai ta mutu.

Na ce ko ba ta saba da sabon tsarin ba ne. Na bar ta ta huce, ta sake yin bakwai. Fankokin kuwa suna ta gurnani kamar injin ban ruwa, wanda na ɗauka alamar himma ce. Na kawo fankar ɗakinmu ta tsaye na saita mata, na zauna ni cikin gumi. Na jiƙa tawul na shimfiɗa a ƙasa kusa da ita. Na koyi adana aiki bayan kowane layi, kamar mai tsallaka kogi yana dafa kowane dutse. Minti bakwai na aiki, minti ashirin na jira. A cikin jiran nan na karanta tambayoyin abokan aikina kaf, har na gano kuskure biyu a na malamin Turanci, abin da ya ɗan sanyaya mini rai.

Da azahar shugaban makaranta ya kira ni a waya.

"Malam, ya aiki? Ba a dai sha wahala ba ko?"

"Ana ta yi, ranka ya daɗe. An ci ƙarfinsa."

Takarda huɗu na gama cikin goma sha takwas. Ban dai faɗi wanda aka ci ƙarfinsa ba.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na zauna a gabanta, babbar rigata ma ban cire ba. Saura yini biyu da ɗan abin da ya rage na wannan. Na fara lissafa yadda zan tsaya gaban mutumin da bai taɓa zama ina tsaye ba in ce masa yara ɗari da wani abu za su zo Litinin babu takarda. Sai ga Hajiya ta shigo da kaskon turaren wuta, kamar yadda take yi kowace Juma'a, tana zagaya kusurwoyin ɗaki. Ta zo wucewa ta gaban tebur, sai ta tsaya.

Hayaƙin da ke tashi tsaye daga kaskon ya karkata, ya miƙe kamar zare, ya shige ta gaban akwatin.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ita ma tana so."

"Iska take ja. Haka aka tsara."

Ta zagaya bayan tebur da kaskon, don ta ga inda zai fito, ina tsammani. Hayaƙin ya sake karkata ya shige ta baya. Ta ɗaga kaskon sama, ta kai shi gefe, ta sunkuya ta leƙa ƙasa. Sannan ta miƙe ta dube ni.

"Malam, ta ina yake fita?"

"Wa?"

"Hayaƙin. Ya shiga nan, ya shiga nan. Ina ya tafi?"

Na buɗe baki don in yi bayani. Ina da bayani a kan kusan komai, sana'ata ce. Kafin in samo wani, kwamfutar ta cika minti bakwai ɗinta ta mutu.

"Buɗe mu gani," ta ce.

Na kwance murfin. Wata iska mai zafi da ƙamshi ta bugi fuskata, kamar an buɗe ɗakin amarya da aka manta da garwashi a ciki. Hajiya ta ajiye kaskon ta sa yatsa ta taɓa salatif ɗin da na liƙa.

"Wa ya toshe nan?"

"Saboda zanzaro."

"Wannan ta bayan fa, haka ta zo?"

"Na gyara mata zama."

Na ga tana neman hanyar da za ta faɗa wa babba magana ba tare da ta kayar da shi ba. Ba ta samu ba, sai ta faɗa kawai.

"Mu dai a gidanmu, murhun banda baki biyu gare shi. Iska ta shiga ta ƙasa, hayaƙi ya bi ta cikin kifi ya fita ta sama. Ranar da ƙanwata ta rufe saman da buhu wai don kada zafi ya gudu, kifin bai bushe ba, dahuwa ya yi ya saki jiki, Inna ta kusa cire mata kunne. Kai ka tara mata masu fifita har uku, kowa yana turo mata, babu mai ɗauke wanda ya riga ya yi zafi. Numfashinta take sake shaƙa."

"Ai ita ba kifi ba ce," na ce, don kada a ce ban ce komai ba.

"A'a. Kifi ba ya mutuwa sau goma a yini."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan. Kowace shekara ina tsayawa gaban 'yan aji biyar in gaya musu cewa ba yawan ruwa kaɗai ke kawo ambaliya a fadamarmu ba, ciyawar kacalla ce take toshe hanyoyin da zai wuce, ya shigo ya rasa mafita ya kwanta a gonakin mutane. Na sha ba da maki goma a kan wannan amsar. Na sha hana maki ga wanda ya manta ta.

Muka yi aikin tare, ni da sukudireba, ita da kasko. Na ɓare salatif. Na mayar da fankar baya yadda mutanen ƙasar sanyi suka sa ta. Na sake kwance hasumiyar na juya ta, fankarta ta koma gefen gaba, tana karɓar iska daga fankar gaba tana tura ta cikin faifayen zuwa ta baya. Na rufe, na kunna. Hajiya ta ƙara turare a garwashi ta riƙe a gaba. Zaren hayaƙin ya shiga. Muka leƙa baya mu biyu, kanmu har yana gwaruwa, sai ga shi yana fitowa siriri, da ɗumi, yana hawa bango.

"To, ga shi tana numfashi," in ji ta.

Ta yi minti ashirin da biyar ta mutu.

Hajiya ba ta yi mamaki ba. Ta tambaye ni cikin natsuwa, kamar ma'aikaciyar asibiti, "Ban da juye-juyen, me kuma ka yi mata?"

"Babu. Sai datti da na goge."

"Wane irin datti?"

Na kwatanta mata. Ta ce ita wannan ya fi ƙarfin banda, in kai wa masu abin.

Asabar da sassafe na ɗaura akwatin a babur na nufi kasuwa. Mai gyaran yana da ɗan shago tsakanin mai sayar da taki da mai gyaran injin ban ruwa, magidanci ne mai ƙaramin gemu da tabarau a goshi. Ya ɗaga hasumiyar, ya ga ƙarfe yana ƙyalli, ya sauke tabarau ya sake dubawa.

"Baba, wa ya taɓa ta?"

"Wani ne."

"Wanin nan ya yi karatu?"

"Ya yi."

"Shi ya sa. Wanda bai yi ba tsoro yake ji, sai ya kawo mana tun da wuri."

Ya ɗauko wani abu kamar sirinji ya ɗiga ɗigo ɗaya na irin dattin da na goge, daidai ƙwayar wake, a tsakiyar ƙwaƙwalwar. Ya ce ƙarfe da ƙarfe duk santsinsu ba sa haɗuwa sosai, akwai 'yan ramukan da ido ba ya gani, wannan man shi yake cike su zafi ya sami hanyar hawa hasumiya. In babu shi, ko fanka goma aka sa, suna fifita ƙarfen da zafin bai iso ba ne. Sannan ya duba fankokin ya ce zamansu daidai ne, wa ya saita? Na ce wata ce. Ya ce to ita wannan a riƙe ta.

Kafin ya rufe ya kira ni in matso. A gefen kowace fanka, a jikin baƙar robar, akwai wata 'yar kibiya da aka zana tun daga masana'anta, tana nuna inda iska za ta bi.

"Ka gaya wa wanin, in zai sake, ya duba nan."

Na ce zan gaya masa.

Na iso gida rana ta riga ta hau. Daga lokacin har la'asar kwamfutar ba ta ko yi tari ba, kuma gurnanin ya koma wani ɗan sauti kamar na mai barci. Na buga kamar ana kora ta. Hajiya ta zauna a gefe tana karɓar takardu daga firinta tana jerawa, tana hana ni tashi in gyara kuskuren malamin Turanci a karo na biyu. Lahadi ma haka, tun fitowar wuta. Tawa takardar, ta labarin ƙasa, na bar ta ƙarshe, don na ce tambayoyina a kaina suke, minti goma sun isa.

Ina cikin takarda ta goma sha bakwai aka kira la'asar. Ta fito daga firinta, wutar ta yi ƙasa, sallamar shugaban makaranta ta iso daga ƙofar gida, kusan duk a tare.

Na shigo da shi na miƙa masa. Ya ƙirga a tsaye, ya sake ƙirgawa.

"Saura ɗaya, Malam."

"Tawa ce. Gobe zan rubuta musu a allo, aji uku ne kawai."

Ya ce babu komai, an gode, Allah ya saka. Ya juya zai fita, sai ya tsaya kusa da tebur ya ɗan shaƙi iska. Akwatin yana da sauran ɗumi, kuma ƙamshin turaren Hajiya bai bar cikinsa ba.

"Malam, kwamfutar makaranta ce take wannan ƙamshin?"

Da na ga dama da na ce ɗakin ne. Amma Hajiya tana bayan labule, ina jin motsin awarwaronta, kuma akwai iyakar abin da mutum zai iya yi a gaban shaida. Na ba shi labarin duka, har da zanen. Ya saurara da ladabinsa na kullum, yana cizon leɓe, bai yi dariya ba sai da na kai wurin salatif.

Da ya nutsu ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Hajiya, sannu da aiki."

"Yawwa, sannunku," ta amsa daga ciki.

Washegari na rubuta tambayoyi goma sha biyu sau uku da alli. A taron ƙarshen zango shugaban ya gode wa kowa, bai faɗi komai a kan abin da ya ji a gidana ba. Sai da aka zo maganar zango mai zuwa, wani ya tambaya ina za a kai kwamfutar tunda zan yi ritaya. Ya duba takardar gabansa ya ce in ban damu ba a ci gaba da kai ta gidana, ya riga ya yi magana da Hajiya, mai kula da ita.